Taura Biyu Tana Taunuwa

'Yan'uwa marubuta, jiya a majalisarmu ta Ƙofar 'Yandaka aka yi gardama: ɗan fim zai iya zama makaɗin gaske? Wasu suka ce taura biyu ba ta taunuwa.

Mu dai mun ce tana taunuwa, in kowace an ba ta haƙƙinta. Johnny Depp jita ya fara riƙewa kafin fim, kuma bai ajiye ba. Mdou Moctar na Nijar ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, ya fito a fim a 2015.

Mu masu ɗinki da POS da rana, kada mu ajiye alƙalami. Amma sai mun ba shi darensa. Ku fa, me kuka gani?