Kalar da ba ta da suna kada ta taɓa kan mutum

Shekara shida ke nan ina haɗa shamfu a gida, a nan Kano, ina kai wa masu kitso da shagunan gyaran gashi. Duk wadda ta ɗauki kwalba, sai ta fara ɗaga ta sama ta duba launi, sannan ta buɗe ta shinshina. In koren ya yi shar, sai ka ji ta ce, "Hajiya, wannan mai ƙarfi ne." Alhali kala ba ta wanke komai. Sinadarin Texapon ne ke fitar da datti da maiƙo, gishiri kuma ke sa kauri. Kala ado ce kawai.

Wannan adon ya taɓa sa ni hawaye. Ina sabuwar hannu na sayo garin koriyar kala, ƙulle a leda, ba suna ba lamba. Mai shagon ya ce, "Zuba kawai, Hajiya, ita kowa ke saye." Na juye cokali guda cikin bokitin lita 20 da ya riga ya yi kauri. Na tuƙa har kafaɗata ta yi tsami, amma garin ya ƙi narkewa duka, ya bar ɗigo-ɗigo. Bayan kwana uku wata mai kitso ta yi sallama, riƙe da farin tawul da ya koma kore, ta ce yarinyar da ta wanke wa kai kwana ta yi tana susa. Na mayar mata da kuɗinta, na zubar da sauran. Har yau zuciyata na gaya mini rinin tufafi aka sayar mini.

Daga nan na koyi abin da ya kamata a ce an koya mana tun ranar farko. Kalar shamfu mai narkewa a ruwa ake nema, domin mai narkewa a mai ba ta gauraya da shi sosai. Ta kirki tana zuwa da lamba a jikin mazubinta: rawaya da ake kira tatrazin lambarta CI 19140, shuɗiya kuma CI 42090. Su biyun nake haɗawa in sami kore, rawaya da yawa, shuɗi ɗan ƙiris, domin shuɗi danne komai yake yi. Ba na zuba gari kai tsaye. Giram 1 nake narkarwa a ruwan ɗumi giram 99, in tace, sannan in riƙa ɗigawa ina juyawa a hankali. Sai na daidaita tsamin haɗin da sitirik asid ya kusanci ma'aunin pH 5.5, irin na fatar kai, na zuba turare, sannan kala ta shiga, gishiri ya zo ƙarshe. In aka bari ya yi kauri tukuna, kala ba ta bi ko'ina, kumfa kuma ta cika bokiti. Ina kuma ajiye 'yar kwalba a bakin taga mako guda, saboda rana tana cinye launi, wani turaren ma, musamman mai banila, yana mayar da haɗi ruwan ƙasa.

Masu koyar da mata haɗa sabulun ruwa da shamfu a taron kwana biyu, ku ji tsoron Allah. Kuna ƙirga sinadarai ɗaya bayan ɗaya, in an zo kan kala sai ku ce "a zuba yadda ake so." A nan ne ɓarnar take. Masu sayar da sinadarai kuma, in kun rarraba babban gwangwani cikin leda, rubuta lambar a 'yar takarda ba zai cinye muku riba ba. Hukumar NAFDAC ce ke da hurumin kayan kwalliya a Najeriya, ina roƙon ta riƙa leƙa waɗannan ledojin ma, domin daga cikinsu ake ɗibar abin da ke zuwa kan 'ya'yanmu.

Shamfuna yanzu kore ne mai haske, kana iya ganin yatsanka ta cikin kwalbar. Wasu masu saye sun gudu, wai ba shi da ƙarfi. Mai kitson nan kuwa ta dawo, jarka take saye duk wata.