Mutum-mutumi mai bin layi: Ko sabuwar manhaja za ta isa 'Yandoto?

A shekarar 2025 gwamnatin Najeriya ta sanar da sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare, wadda ta ba fasahar zamani muhimmin matsayi, ciki har da koyon sarrafa kwamfuta da harhaɗa mutum-mutumi.

Sai dai abin tambaya shi ne ko wannan tsari zai wuce manyan birane, ya isa wurare irin su 'Yandoto da ke ƙaramar hukumar Tsafe a jihar Zamfara, garin da ya yi suna a matsayin cibiyar malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Hanya mafi sauƙi ta auna hakan ita ce 'yar motar nan mai tuƙa kanta a kan baƙin layi, wadda masu koyon wannan fanni kan fara da ita.

Yadda take aiki

A ƙarƙashin motar akan maƙala idanu biyu ko fiye. Kowane ido yana fitar da hasken infared, irin na rimot ɗin talabijin wanda idon mutum ba ya gani, sannan ya auna yawan hasken da ya dawo masa.

Farin wuri yana mayar da hasken, baƙi kuma yana shanye shi. Idan idon hagu ya hau kan layi, ƙaramar ƙwaƙwalwar motar, wadda galibi allon Arduino ce, sai ta rage gudun tayar hagu, motar ta karkata ta koma kan hanya. Haka ma ta ɓangaren dama.

Wahalar tana wajen daidaita tuƙin. Idan gyaran ya yi ƙarfi, motar za ta riƙa tangaɗi. Idan ya yi rauni, za ta kauce a kwana. Don haka dole ɗalibi ya lissafa gyaran gwargwadon nisan kaucewar, ya gwada, ya sake gwadawa.

Hasken rana ma yana ɗauke da infared mai yawa, ga ƙurar hunturu da ke dusashe idanun. Ke nan sai an sake saita motar daidai da yanayin wurin.

Irin wannan dabara ce motocin dakon kaya marasa direba ke bi a masana'antu tun daga shekarun 1950, lokacin da aka fara amfani da su a Amurka.

Ina gizo ke saƙar?

Kayan haɗin ba su da yawa, kuma batir ya isa ya tafiyar da motar. Da zarar an ɗora mata umarni, ba ta buƙatar intanet ko wutar lantarki ta gwamnati. Saboda haka babban cikas ba na kayan aiki ba ne.

Na farko shi ne tsaro. A watan Fabrairun 2021 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, kuma a watan Satumbar shekarar gwamnatin jihar ta rufe makarantu bayan wani harin a Maradun. A Satumbar 2023 kuma an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida da ke ƙaramar hukumar Bungudu.

Na biyu shi ne malamai. Darasi irin wannan ba ya yiwuwa da alli da allo kaɗai. Sai malamin da ya taɓa haɗa waya da hannunsa.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamban 2023. Jihar kuma tana da cibiyoyin da za su iya horar da malamai, kamar Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da kwalejojin kimiyya da fasaha na Kaura Namoda da Talata Mafara.

Hukumar NITDA ta buɗe cibiyar nazarin ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020, amma tsakanin Abuja da ajin makarantar ƙauye akwai tazara.

Muddin ba a samu malami ƙwararre da zai iya kwana lafiya a inda aka tura shi ba, sabuwar manhajar za ta ƙara faɗaɗa giɓin da ke tsakanin 'ya'yan birni da na karkara ne, maimakon ta cike shi.