Tun Kaka Tana da Rai

Idan kaka ta rasu, akan tuna da tatsuniyoyinta, a manta da aikin hannunta. Alhali kuwa ita ce mai shuka rama da kuɓewa a bayan ɗaki, mai kaɗi da mazari, mai ɗinkin faifai. Ita ke tuna wa yara su ba doki kanwa, ita ke ajiye wa kare ƙanzo. Kowane aiki da kalmominsa, kuma tare da ita ake binne su.

A 1949 da 1950 Mary Smith ta rubuta labarin Baba ta Karo daga bakinta. A 1951 Baba ta rasu. Da an yi jinkiri, da an yi asara. Lalle ya kamata ɗalibin Hausa ya fara bincikensa daga ɗakin kakarsa.