Wa Ya Ce Kirista Ba Ya Cewa Wayyo?

Ranar Talata na je asibiti duba wata dattijuwa 'yar ikilisiyarmu, ɓarin jikinta ya shanye. Baki ya karkace, hannun hagu ba ya motsi. Na ce, "Sannu Mama, yaya jiki?" Da ƙyar ta haɗa kalmomi ta ce, "Ina da ƙarfi." 'Yarta ta ja ni waje, ta buɗe jaka ta nuna min katin maganin hawan jini, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba. Wai a wani taron farkawa ne baƙon mai wa'azi ya ce musu duk wanda ya ambaci ciwo da bakinsa ya gayyato shi, mai shan magani kuma bangaskiyarsa ce ba ta cika ba. Har yau raina bai huce ba.

Wannan koyarwa ba daga Urushalima ta taso ba, daga Amurka aka yo mana dakonta. A 1952 wani fasto a New York, Norman Vincent Peale, ya fitar da littafi kan ƙarfin kyakkyawan tunani, aka yi ta rububinsa. Su Kenneth Hagin na Tulsa suka ɗora da cewa abin da bakinka ya furta shi za ka samu. Littattafai da kaset-kaset suka ƙetaro da ita, ga shi yau ta kai har ƙauyukan da ko ɗakin shan magani babu. Ka ce kanka na ciwo, a ce ka ƙi shi cikin sunan Yesu. Ka ce albashi bai kai ba, a ce talauci ba rabonka ba ne.

Na yarda, mai sakin fuska ya fi daɗin zama, likita ma ya fi son majinyacin da bai karaya ba. To amma wane Littafi Mai Tsarki mutanen nan suke karantawa? Wanda ke hannuna akwai littafi guda a ciki mai suna Makoki. Akwai Zabura ta 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba a cire ta ba. Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, amma a ƙarshe abokansa masu tsararren bayani Allah ya tsawata wa. Yesu ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Bulus, wanda suke yawan jawo maganarsa ta farin ciki, daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa. Sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, ya ba Timoti shawarar abin da zai sha don ciwon ciki, abokin tafiyarsa Luka kuwa likita ne. Shi ma bangaskiyarsa ce ba ta cika ba?

Waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan, da allura da bandeji suka zo. Ku je Vom, ku je Garkida, ku je Jankwano a Jos, ku tsallaka Galmi a Nijar. Asibiti suka gina kusa da majami'a. Masu wa'azin yanzu kuwa ambulan suke rabawa, a sa kuɗi a matsayin "iri" a shuka. Na sha yin magana kan ambulan ɗin nan a wannan shafi, kuma ban gaji ba: shi mai karɓar irin ne kaɗai na ga yana girbi, da mota da ƙaton gida.

Koyarwar nan mugunta ce, ba wani suna. Ka samu mutum a kwance, ka ɗora masa laifin ciwonsa, ka hana shi ko nishi.

In ana neman wanda zuciyarsa ta tsaya, a tuna da Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, wanda Boko Haram suka kama a Janairun 2020. A bidiyon da suka fitar bai yi musun halin da yake ciki ba, bai kuma yi shelar cewa dole ya fito ba. Ya nuna bai karaya ba, yana sa ran sake ganin iyalinsa, in kuma hakan bai yiwu ba, to nufin Allah ke nan. Kafin watan ya ƙare suka kashe shi. A ma'aunin masu "furta ka karɓa", ke nan ya faɗi jarrabawa. Su fito su faɗi haka a Michika in sun isa.

Ku kuma dattawan ikilisiya da kuke miƙa wa irin waɗannan baƙi bagadi don suna cika kujeru, da hannunku a ciki. In akwai faston da ya yi wa'azi a kan Zabura ta 88 a bana, ya aiko min, zan buga shi a nan mako mai zuwa.