Idan Ƙwaƙwalwa Ta Cika: Haƙƙin Mai Aiki a Kan Manhajar Kwamfutocin Farko

A shekarar 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta amfanin mutum ɗaya, mafi ƙarancinta tana da ƙwaƙwalwar aiki ta kilobait 16 kacal. Ko an faɗaɗa ta, tsarin bai bar wa manhajoji fiye da kilobait 640 ba. Commodore 64 ta 1982 kuwa, da an kunna ta sai ta sanar cewa bait 38911 ne suka rage wa mai rubuta shiri da harshen BASIC. A irin wannan ƙunci, cikar ƙwaƙwalwa al'amari ne na yau da kullum. Abin da ya cancanci nazari shi ne halin da manhaja ya kamata ta nuna a daidai wannan lokaci, domin duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki yakan gushe da zarar an kashe na'ura, sai dai in an riga an adana shi a faifai.

Matsayin wannan maƙala shi ne, babban haƙƙin da ke kan manhaja shi ne kare aikin da mutum ya riga ya yi. Tana iya ƙin karɓar sabon umarni, amma ba ta da uzurin salwantar da rubutun wuni guda.

Manhajojin wancan zamani sun bi hanyoyi daban-daban. Lotus 1-2-3, wadda ta fito a 1983, tana riƙe jadawalin lissafi gaba ɗaya a ƙwaƙwalwa, amma takan nuna alamar MEM a kan allo idan wuri ya kusa ƙarewa, abin da ke ba mai aiki damar adanawa tun kafin a makara. WordStar ta rarraba kanta gida-gida, tana ɗauko ɓangaren da ake bukata daga faifai, tana kuma tura wani sashe na rubutu can, har a iya gyara takardar da ta fi ƙwaƙwalwa girma. Wannan dabara ta yi amfani, sai dai idan faifan ya cika matsalar takan dawo. Macintosh ta 1984 mai kilobait 128 ta zo da tsarin da ke ba manhaja damar zubar da abubuwan da za a iya sake ɗaukowa daga faifai idan wuri ya yi ƙaranci. Duk da haka, manhajar da ta yi sakaci takan jefa na'urar cikin rushewa, a ga hoton bom a kan allo, aikin da ba a adana ba ya tafi.

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da ƙa'idoji uku. Ta farko, manhaja ta keɓe wani ɗan wuri tun daga farawa, wanda ba za a taɓa ba sai don adanawa da nuna saƙo, kamar yadda manomi ke ware iri ko da rumbu ya yi ƙasa. Adanawa kanta tana bukatar wuri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta biyu, ta tabbatar da samun wurin da aiki ke bukata kafin ta soma shi. A harshen C, neman wuri yakan dawo da alamar babu idan ya gagara, kuma mai shirin da bai duba wannan amsa ba shi ya buɗe ƙofar ɓarna. Aikin da aka tsaya a tsakiyarsa yakan lalata takarda, don haka da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ta uku, saƙon ya faɗi abin da ya faru, da abin da ya tsira, da matakin da ya rage wa mai aiki. Lambar kuskure tsurarta ba ta amfanar kowa sai masanin na'ura.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi. A na'urar kilobait 64, kowane bincike da kowane saƙo yana cin wurin da rubutu zai zauna, kuma kasuwa tana yaba manhajar da ta fi ɗaukar kaya. Amma abin da ake ragewa layuka kaɗan ne, abin da ake karewa kuwa shi ne aikin duka. Marubuci zai fi yarda da takarda mai ɗan gajarta wadda ba ta ɓacewa.

Faɗaɗa ƙwaƙwalwa, kamar ƙa'idar da Lotus da Intel da Microsoft suka tsayar a 1985, ta jinkirta matsalar ne kawai, domin manhajoji sun ci gaba da kumbura. Ga masana harshe da ke fassara saƙonnin manhaja zuwa Hausa, ƙa'ida ta uku ta shafe su kai-tsaye. Saƙon da ya ce "wuri ya ƙare, rubutunka yana nan, adana shi sannan ka rufe wata takarda" ya sauke nauyin da ke kansa, alhali saƙon da ya tsaya ga sanar da cikar ƙwaƙwalwa ya bar mai aiki cikin ruɗani.