Wasa ɗaya, ma'auni uku: matsalar alƙalancin sofbol gabanin Gasar Olamfik ta 2028

Wasan sofbol na mata zai koma Gasar Olamfik a 2028 bayan an tsallake shi a Paris a 2024, kuma za a buga shi ne a birnin Oklahoma na Amurka. Wannan komawa ta farfaɗo da wata tsohuwar tambaya: da wane ma'auni za a yanke hukunci?

Dokar da za ta yi aiki ita ce ta hukumar duniya, WBSC, wadda aka kafa a 2013. Sai dai mafi yawan 'yan wasan Amurka sun ƙware ne a gasar jami'o'i ta NCAA, bayan sun taso ƙarƙashin dokokin USA Softball. Kowace hukuma da nata littafin.

Bambancin da ya fi tasiri yana wajen jifa. Alƙalin da ke bayan mai bugu shi ne ke tantance ko ƙwallo ta ratsa yankin da ake ƙirga jifa mai kyau. A wurin USA Softball, iyakar yankin ta sama ita ce hamata. A NCAA da WBSC kuwa ƙasan ƙashin ƙirji ce. Tazarar ba ta kai taƙi guda ba, amma tana iya mayar da jifar da ta fitar da mai bugu jiya ta zama kuskure yau.

Yawan alƙalai ma ya bambanta. Ƙananan gasanni kan wadatu da biyu, manyan jami'o'i na sa uku, manyan gasannin WBSC kuma huɗu. Idan adadin ya sauya, wurin tsayuwar kowa da ɓangaren da zai sa wa ido su ma sun sauya.

Haka batun auna ƙwazo. A jami'o'i, jami'an da ke rabon wasanni a kowane rukuni ne ke da babban tasiri kan ci gaban alƙali. A matakin duniya kuwa, sai ya bi ta hukumar ƙasarsa kafin ya samu shaidar WBSC. Don haka tsayuwar da ta jawo masa yabo a nan tana iya rage masa maki a can.

A Tokyo, Japan ta doke Amurka da ci 2-0 a wasan ƙarshe. A wasan da tazara ke da ƙanƙanta haka, hukunci ɗaya na iya raba zinare da azurfa. Aikin da ke gaban WBSC shi ne ta haɗa alƙalanta tun da wuri, ta horar da su tare, ta kuma bayyana wa ƙasashe ma'aunin da za ta auna su da shi.