Zancen Unguwa: Hoto Ɗaya Kowace Rana



In aka buɗe akwatin kowane gida a Nima ko Maamobi, hotunan da za a tarar ba su wuce na aure, da suna, da Sallah, da na dawowar alhazai ba. Kowa ya ci ado, ya tsaya ƙyam. Amma ina hoton lungun da muke bi kullum? Ina na mai koko da ƙosai da ke bakin titi tun asuba, ko na layin masu jiran trotro a Nima Roundabout? Waɗannan mun raina su don kullum muna tare da su, alhali su ne ke saurin ɓacewa.

Ga misali kusa. A 1979 sojoji suka rushe tsohuwar kasuwar Makola, wurin ya koma filin ajiye motoci. A 2016 aka buɗe gadar sama ta Kwame Nkrumah Circle, yaran yau ba su san kamannin Circle na da ba. A watan Yuli na 2021 aka tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie, inda 'yan'uwanmu da yawa ke neman abinci, aka mai da su Adjen Kotoku. A cikin wannan watan ne kuma aka buɗe babban masallacin ƙasa da ke Kanda. To, mutum nawa cikinmu ke da hoton waɗannan wurare kafin su sauya?

Mu dubi maƙwabtanmu na Jamestown. Tun 1922 J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe shagon hoto na Deo Gratias. James Barnor ya buɗe nasa, Ever Young, a 1953, yana fita titi yana ɗaukar mutane cikin harkokinsu. A 2021 aka baje hotunansa a zauren Serpentine na birnin Landan, duniya ta ga Accra ta wancan zamani ta idon ɗan gari. Mu kuwa, baƙo in ya shigo Nima da kyamara, yawanci babban kwalbati da shara yake nema. In ba mu ɗauki namu ba, nasa ne jikokinmu za su gada.

A da uzurinmu shi ne tsadar fim da wanki. Yau kyamara na cikin aljihun kowa. Don haka shawararmu ita ce, kowa ya ɗauki hoto ɗaya tak kowace rana. A shekara ya tara 365. Ka zaɓi wuri guda a hanyarka ta zuwa aiki ko makaranta, ka riƙa tsayawa a nan. Ka ɗauki zogalen da Hajiya ta dasa a bayan ɗaki ran da ya fid da fararen furanni, da lallen da ke tsakar gida, da hazon hunturu a kan rufin kwano. Bayan wata shida za ka ga abin da ido bai lura da shi ba.

Abin ba na tarihi kaɗai ba ne. Tun 2018 Nima na ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma ta Ayawaso ta Arewa. Wanda ya je gabansu da hotunan kwalbati ɗaya na kwana 30, masu nuna yadda ya toshe kafin ruwan watan Yuni, maganarsa ta fi ta mai baki kawai nauyi. Gani ya kori ji.

Sai dai a kiyaye ladabi. Kada a ɗauki mutum sai da izininsa, musamman matan aure da yaran mutane. Kada a ɗauki mai sallah, ko gidan makoki, ko wurin jami'an tsaro. A rubuta rana da sunan wuri, domin hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba rabin amfaninsa ya tafi. Waya tana ɓata, tana lalacewa, saboda haka a ƙarshen kowane wata a zaɓi biyu ko uku a wanke, a sa cikin akwatin nan tare da na aure da suna.

Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya, amin.